Yankees da Juan Soto: an yi asarar 'yan wasa biyar ne a banza?

"Salam yaya. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, Arsenal nake yi tun ina gida, amma yarona da aka haifa a nan Bronx besbol kawai ya sani, kuma Yankees yake yi kamar ya mutu a kai. Tun da Juan Soto ya koma Mets, ɗaya kulob ɗin New York, yaron nan bai huce ba, kullum maganarsa Cashman, manajan da ke cinikin 'yan wasan Yankees, ya cuce su, wai an ba da 'yan wasa biyar an karɓo mutum ɗaya ya yi shekara ɗaya ya tafi ko sisi kulob bai samu ba. A shagon aski ma gardamar kenan, wasu su ce rowa ce ta hana a biya shi, wasu su ce a kori koci Boone don bai iya jera 'yan wasa ba. Don Allah ka fahimtar da ni, ni a ƙwallon da na sani ba a haka."

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya yaron, ka ce masa ya yi haƙuri ba shi kaɗai ba ne, rabin unguwar nan haka suka kwana ranar da labarin ya fito. In na fahimce ka abu uku kake tambaya a dunƙule: me ya sa aka ba da mutum biyar saboda ɗan wasan da kwantiraginsa saura shekara ɗaya, me ya sa da lokacin biya ya zo aka bari maƙwabta suka ɗauke shi, sannan shin laifin koci ne wajen jera masu bugu. Na daɗe ina bin wasan nan, kuma shekaru da dama ina taimakawa wajen koyar da yara 'yan shekara 11 da 12 a ƙaramar gasar unguwa, ni ke riƙe littafin rubuta maki, to da wannan idon zan ba ka amsa, idon ɗan kallo mai biro a hannu, ba na mai zama a ofishin kulob ba.

Kafin komai ka ajiye tunanin ƙwallon ƙafa a gefe

A Turai in Arsenal na son ɗan wasa sai ta kai wa kulob ɗinsa kuɗi, a yi ciniki, shi ma ɗan wasan ya yarda, a sa sabon hannu. A besbol ɗin Amurka ba haka abin yake ba. Musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda, mutum da mutum, kuma kwantiragin da ɗan wasa yake kai shi ke bin sa sabon wuri yadda yake. Galibinsu ma ba a tambayar ra'ayinsu, mutum sai ya tashi da safe ya ji an mayar da shi wani gari, sai dai in a takardarsa akwai sharaɗin da ya hana.

Abu na biyu shi ne dokar shekara shida. Yaro in ya shigo babbar gasa, kulob ɗinsa ke da iko da shi har sai ya cika shekara shida yana wasa. Shekaru ukun farko albashinsa kusan mafi ƙanƙanta ne, ukun baya kuma ana daidaitawa ko a je gaban masu sasanci su yanke. Ranar da shidan nan ta cika ya zama ɗan kansa, duk kulob 30 ɗin na iya taya shi, wanda ya fi kuɗi ko ya fi kwanta masa a rai ya ɗauka, kuma tsohon kulob ba ya samun kuɗin sayarwa. Shi ya sa darajar ɗan wasa a kasuwar musaya ba iyawarsa kaɗai ba ce, har da shekarun da suka rage kafin ya kuɓuce. Yaro mai matsakaicin iyawa da saura shekara biyar a hannu yana iya fin gwarzon da saura wata biyu tsada.

To Soto ya shigo babbar gasa a 2018 da Washington Nationals yana ɗan shekara 19, ya ci kofin duniya da su a 2019, wato World Series, kofin zakaran gasar. A 2022 suka yi masa tayin dala miliyan 440 na shekara 15 ya ce a'a, shi ne suka miƙa shi San Diego Padres a watan Agusta na shekarar don kar ya tafi musu a banza. Wakilinsa Scott Boras ne, mutumin da kowa ya san ɗabi'arsa ita ce ya kai 'yan wasansa kasuwa a yi gwanjo. Kaga duk wanda ya ɗauki Soto a ƙarshen 2023 ya san haya ya karɓa ta shekara ɗaya. Ba wanda aka ɓoye wa komai.

Me aka bayar, me aka samu

A Disamba 2023 Yankees suka karɓo Soto da Trent Grisham, suka ba Padres masu jifa huɗu, Michael King da Drew Thorpe da Jhony Brito da Randy Vásquez, sai mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, Kyle Higashioka. Yaronka ya ce biyar da ɗaya, a'a biyar da biyu ne, kuma ka riƙe sunan Grisham ɗin nan don zan dawo kansa. Cikin biyar ɗin wanda ya yi zafi da gaske King ne, ya je San Diego ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifansu a 2024, ya fitar da sama da masu bugu 200 ta hanyar jifa, wato kowannensu ya kasa cin jifansa har sau uku. Thorpe ko taka musu wasa bai yi ba, a watan Maris suka haɗa shi da wasu suka tura Chicago White Sox suka karɓo Dylan Cease. Don haka Padres ba su yi asara ba, wannan ba na musu.

Amma ka tuna halin da Yankees suke ciki lokacin. A 2023 sun ci wasa 82 sun faɗi 80, ko zagayen ƙarshe na neman kofi ba su shiga ba, kuma in Aaron Judge ya ji ciwo sai ka ga jerin masu bugun kamar gidan da aka cire wa ginshiƙi. Judge ya haura 30, Gerrit Cole mai jifansu na ɗaya ya haura 30, kowannensu an zuba masa sama da dala miliyan 300, kuma rabon kulob ɗin da kofi tun 2009. In kana da manyan mutane biyu da ƙarfinsu ke kan ganiya yanzu, ba ka zauna kana tattalin yara na shekara huɗu masu zuwa ba, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Shekarar da Soto ya yi kuma ba ƙaramar shekara ba ce. Hom-ron 41, wato bugun da ke tsallake katanga, kuma mafi muhimmanci a wurina, cikin kowane zuwa goma da ya yi gaban mai jifa fiye da huɗu sai ya isa bes, wato ɗaya daga cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki, ko ta bugu ko ta haƙuri, don mutumin nan ba ya kai wa ƙwallon banza duka, sai ya tsaya ya yi ta kallon ta tana wucewa har mai jifa ya yi kuskure huɗu a ba shi bes kyauta. Shi ke bugu na biyu, Judge na uku. Ka yi tunanin mai jifa, ya gama fama da Soto ya gaji, ga Soto tsaye a bes na farko, sai ga Judge ya taho da sandarsa. Judge ya buga 58 a shekarar aka ba shi gwarzon gasa ba hamayya. Kuma filin Yankees kamar don mai bugu da hagu aka gina shi, katangar dama ƙafa 314 ce kawai daga wurin bugu.

Daren da ba zan manta ba shi ne wasa na biyar a karawar kusa da ta ƙarshe da Cleveland a Oktoba 2024, zagaye tara da ake yi a wasa sun ƙare, an tafi zagaye na goma ana kunnen doki, mu kusan takwas a falon wani abokina shayi ya huce a kofi ba wanda ya kula. Soto ya yi ta kore ƙwallo gefe ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai yana kallon mai jifan kamar yana ce masa kawo wadda nake jira, da ta zo kuwa ya ɗaga ta tsakiyar fili ta wuce katanga, maki uku. Wannan bugun ne ya kai Yankees wasan ƙarshe na kofin duniya karon farko cikin shekara 15. Wani dattijo a cikinmu da ko dokar wasan bai gama sani ba sai da ya miƙe tsaye hularsa ta faɗi. To in ka tambaye ni ko King da sauran sun kai wannan, ni dai a wurina an ci riba, kuma ko yau aka dawo da cinikin zan ce a sake yi.

Maganar rowa

Nan ne nake saɓawa da mutanen shagon aski. Yankees sun taya Soto dala miliyan 760 na shekara 16. Mets suka ba da miliyan 765 na shekara 15, a Disamba 2024, kwantiragi mafi girma da aka taɓa yi a tarihin wasanni a lokacin. In ka raba, na Mets miliyan 51 ne a shekara, na Yankees 47 da rabi. Sannan a na Mets akwai miliyan 75 na sa hannu, akwai damar ya fice bayan shekara biyar in ya ga dama, sai dai in kulob ɗin ya ƙara masa kuɗi jimillar ta haura miliyan 800. Mutumin da ya ajiye miliyan 760 a tebur ba a kiransa marowaci, sai dai a ce ya haɗu da wanda ya fi shi zurfin aljihu. Mai Mets, Steve Cohen, attajirin kasuwar hannun jari ne da ya sayi kulob ɗin a 2020 kuma ya fi duk masu kulob a gasar dukiya, shi kuwa Hal Steinbrenner gadon mahaifinsa yake juyawa a matsayin kasuwanci. A gwanjo irin wannan in ka ƙara biyar ya ƙara goma, ba ranar ƙarewa.

Akwai kuma abin da 'yan kallo ba sa sakawa a lissafi. Besbol ba ta da iyakar albashi irin ta ƙwallon kwando, amma tana da haraji. A 2025 in jimillar albashin kulob ya wuce dala miliyan 241 zai fara biyan tara a kan abin da ya haura, kuma in ka saba wucewa shekara uku a jere sannan ka haura layin da miliyan 60, kowace dala ɗaya da ka ƙara sai ka biya dala ɗaya da santi goma a kanta. Wato a can saman, ɗan wasan miliyan 20 miliyan 42 yake ci maka. Har laƙabi aka yi wa wannan matakin da sunan Cohen don saboda irinsa aka ƙirƙiro shi, shi kuma ko a jikinsa.

Ban ce masu fushi ba su da hujja ba fa. Soto shekararsa 26 lokacin da ya sa hannu, kuma irinsa ba sa zuwa kasuwa da ƙuruciya haka, yawanci sai sun kusa 30. Wanda ya girma yana jin labarin George Steinbrenner, uban Hal, da ake cewa ba a ƙwace masa ɗan wasan da yake so, dole abin ya yi masa ciwo a ce Mets, Mets fa, ƙannen gari, su ne suka yi musu haka. Na fahimci wannan sarai. Da ya dawo filin a watan Mayu 2025 sanye da rigar Mets ihun da aka yi masa har waje ana ji, masu zaman benci na bayan katangar dama suka juya masa baya, shi kuma ya cire hular kwanonsa ya ɗaga musu yana murmushi. Ni ban yi masa ihu ba, mutum ya yi maka aiki shekara ɗaya tsakani da Allah ya tafi inda aka fi biyansa, wanene cikinmu da ya baro gida ya zo ƙasar nan zai jefe shi.

Abin da aka yi da kuɗin

Cikin 'yan kwanaki suka ɗauko Max Fried, mai jifa da hagu daga Atlanta, shekara takwas miliyan 218. Suka karɓo Cody Bellinger daga Cubs, suka ɗauki Paul Goldschmidt shekara ɗaya, suka karɓo Devin Williams daga Milwaukee don jifan rufe wasa. Na Williams bai yi daɗi ba, tun a watan Afrilu aka sauke shi daga matsayin. Amma Fried ya zama rufin asiri, don a watan Maris 2025 aka yi wa Cole tiyatar gwiwar hannu bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba duk shekarar, Fried ya ci wasa 19. Ka yi tunanin da an zuba kuɗin duka a kan Soto sannan Cole ya kwanta, wa zai yi jifan?

Sai Grisham da na ce ka riƙe. A 2024 ɗan benci ne, mutane ma sun manta da shi aka zo. A 2025 ya buga hom-ron 34. Kulob ɗin gaba ɗaya ya buga 274, alhali shekarar da Soto yake nan 237 suka buga. Sun ci wasa 94 da Soto, sun ci wasa 94 ba Soto. Shi kuma can a Mets ya yi nasa, hom-ron 43 har da satar bes 38, wato rugawa bes na gaba lokacin da ake jifa, da ba a san shi da ita ba, amma kulob ɗin ya ci 83 kawai bai shiga zagayen ƙarshe ba. Kar ka ɗauki wannan ka je shagon aski kana cewa an gama magana, shekara ɗaya ce cikin 15, kuma Yankees ɗin ma Toronto ta fitar da su a mataki na biyu na neman kofi, ta ci wasa uku suka ci ɗaya, inda mutum zai iya cewa da Soto na nan da wani bugun ya canza. Abin da lissafin ya nuna kawai shi ne a besbol mutum ɗaya ba ya ɗaukar kulob a kai yadda Messi zai yi, don komai iyawarka sau huɗu ko biyar za ka riƙe sanda a wasa, sauran lokacin kana zaune kana kallon na takwas da na tara suna fama.

Boone da jerin masu bugu

Wannan ita ce gardamar da aka fi yi a rediyo, ka kunna WFAN da rana ka ji masu kira, kowa da jerinsa, kuma ita ce mafi ƙarancin tasiri. Ga lissafin da kai ma za ka iya yi. Wasa 162 ake yi a shekara, masu bugu tara ne, wasa kuma yana iya ƙarewa a kan kowanne cikinsu, to kowane mataki a jerin ya fi na ƙasa da shi samun zuwa kusan sau 18 a shekara. Shi ya sa yanzu ake sa mafi iyawa a na biyu ko na uku maimakon na huɗu kamar da, don ya samu ƙarin zuwa kuma ya tarar da mutum a bes. Bayan wannan, ko wane ne na shida wane na bakwai, bambancin kaɗan ne ƙwarai. Abin da koci ke dubawa shi ne kar ya jera masu hagu uku a jere abokin hamayya ya kawo mai jifa da hagu ya share su lokaci ɗaya.

A gasar yaranmu na sha ganin wannan. Wani uba ya taɓa tare ni a bakin waya bayan wasa, ransa a ɓace, wai me ya sa ɗansa ke bugu na bakwai. Na buɗe masa littafin na nuna masa, mun faɗi da maki uku, kuma duka ukun sun shigo ne a zagaye ɗaya da yaranmu suka yar da ƙwallo sau biyu sannan mai jifa ya tsaya kallo bai ruga ya tsare bes na farko ba. Ko ɗansa ne na farko a jeri ba abin da zai canza. Ya yi shiru, ya ce to a koya musu kamawa mana.

Abin dariyar da ba dariya ba, irin wannan ne ya kashe Yankees a wasa na biyar na kofin duniya da Dodgers ta Los Angeles ranar 30 ga Oktoba 2024, Soto na cikin fili. Suna gaba da biyar da nema a zagaye na biyar, Cole na jifa lafiya lau. Aka ɗaga wa Judge ƙwallo mai sauƙi a tsakiyar fili ta faɗo daga safar hannunsa. Na gaba ya buga ta ƙasa, Anthony Volpe ya ɗauka ya jefa bes na uku jifan bai isa da kyau ba. Cole ya dage ya fitar da mutum biyu, har da Ohtani gwarzon Dodgers, saura ɗaya a tsira, sai Mookie Betts ya buga wata 'yar ƙaramar ƙwallo wajen Anthony Rizzo, Cole bai ruga ya tsare bes ba, Betts ya isa. Daga nan Freddie Freeman ya shigo da biyu, Teoscar Hernández ya shigo da biyu, biyar da biyar. Aka tashi bakwai da shida, Dodgers suka ɗaga kofi a Bronx. Ba jeri a nan, ba rowa a nan. Kuma ka lura Judge yana tsakiyar fili ne a shekarar saboda an bar wa Soto gefen dama, wanda shi ne wurin Judge na asali, da Soto ya tafi aka mayar da shi. Ban ce shi ya sa ya yar da ƙwallon ba, irin wadda yake kamawa ido rufe ce, amma ɗauko babban mai bugu yana da nasa kuɗin da ake biya a wajen tsaro.

In za a kama Boone da laifi, ni a nan zan kama shi, ba a jeri ba. Yana riƙe da kulob ɗin tun 2018, kuma kurakuran gudu tsakanin bes da na tsaro sun daɗe ana kuka da su, wannan aikin koci ne da mataimakansa. Sannan wasan farko na kofin, da ya kawo Nestor Cortes wanda ya yi sama da wata bai yi jifa ba saboda ciwo, a zagaye na goma, Freeman ya buga masa hom-ron mai maki huɗu aka tashi, wannan shawararsa ce kuma an yi ta sukarsa a kai da gaskiya. Amma wanda ya tara 'yan wasan Cashman ne, yana kujerar tun 1998, Boone abin da aka zuba masa a kwano yake ci.

Shawarata, in bazara ta yi ka ɗauki yaron ku hau jirgi mai lamba 4 ku sauka a titi na 161, tikitin can sama ba shi da tsada sosai in ba da Boston ko Mets ake yi ba. Ka saya masa takardar rubuta maki da fensir a bakin ƙofa, ka ce ya rubuta maka abu biyu kawai, sau nawa aka ba abokan hamayya bes kyauta, sau nawa kuma aka yar da ƙwallon da ya kamata a kama. A hanyar dawowa sai ku yi gardamar Cashman ɗin da takardar a hannu.